Kurman Alƙalami: Ina Muryar Mutanen Cikin Labaranmu?

Wata yarinya 'yar maƙwabtanmu a nan Suleja, wadda ta taso a gabana, ta kawo mini labarin da ta rubuta in duba mata kafin ta aika gasar Hikayata ta BBC Hausa. Labarin ba shi da laifi. Akwai amarya, akwai uwar miji, akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta fi kowa hankali a gidan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk mutanen nan da baki ɗaya suke magana. Amarya ta yi tata "cikin sanyin murya". Uwar miji ta mayar mata "cikin ɓacin rai". Maigida ya shigo ya yi tasa "cikin wata irin murya". Aka juya shafi, aka sake sabon lale, har na gaji da ƙirgawa. Na ce mata, "'Yata, wace iri ce wannan wata irin?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ka gane." Na ce wallahi ban gane ba, alƙalan gasar ma ba za su gane ba.

Muna cikin haka sai mahaifiyarta ta ƙwala mata kira daga bayan katanga. Ta ɗaga murya ta amsa, "Na'am, Umma!" Ta sunkuyar da kai ta yi ƙunƙuni, "Yanzu fa na zauna." Sannan ta dube ni ta marairaice, "Baba, don Allah ka ɗan jira ni." Kafin ƙiftawa da bismilla ta yi murya uku, kowacce da inda ta dosa. Kunnenta ya san su, bakinta ya iya su. Alƙalaminta ne kurma.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk mai bin labaran da ake rubutawa yau, na takarda da masu yawo a waya, ya san waɗannan 'yan jimloli da suka zama kamar tsohuwar takardar kuɗi da ta sha hannu har hoton jikinta ya goge: cikin sanyin murya, cikin siririyar muryarta, cikin muryarsa mai daɗin sauraro, cikin isa da ƙasaita. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, sai su liƙa ɗan hoton fuska mai hawaye a ƙarshen magana su yi gaba. Ni a ganina ba kalmomi muka rasa ba. Hausa ta tara kalmomin murya da marubuci ɗaya ba zai iya ƙarar da su ba ko da zai shekara hamsin yana rubutu. Tsarin wasu muka aro muka ɗora wa harshenmu, muka bar wuraren da Hausa ta saba ajiye murya: cikin aikatau, cikin 'yan ƙananan kalmomin da ake rainawa, cikin sunan da mutum ke kiran ɗan'uwansa da shi, har ma cikin shiru.

Amma a fara da yi wa marubuci adalci. Bokon da muke rubutu da shi da rabin kunne aka haife shi. Hausa harshe ne mai karin sauti, wasalinta kuma akwai dogo akwai gajere, ma'ana tana canzawa da su. Tun daga ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa gyare-gyaren zamanin Rupert East a Zariya cikin shekarun 1930, lokacin da ɓ da ɗ da ƙ suka samu lanƙwasarsu, rubutunmu na yau da kullum a Nijeriya bai ɗauki alamar karin sauti ko ta tsawon wasali ba. Shi ya sa kuka ta miya da kuka na hawaye suke kama ɗaya a takarda, haka wuya na jiki da wuya ta wahala, haka gari na zama da gari na tuwo. Rubuta "ya tafi" ka miƙa wa mutum uku. Na farko zai karanta labarin wanda ya riga ya wuce. Na biyu zai karanta umarni, wato a bar shi ya kama gabansa. Na uku zai ja sautin ya sauke, ya zama cewa ko ba jima ko ba daɗe zai tafi. Ajami ya fi boko nuna dogon wasali, amma shi ma bai kama karin sauti ba. Abin mamaki, mai kalangu da ke bakin mahauta yana iya kiran mutum da kirarinsa ba da harafi ko ɗaya ba, da hawa da saukar sauti kaɗai. Abin da kalangu ke da shi, shi ne takarda ta rasa. Saboda haka marubucin Hausa yana da aikin da ya fi na takwaransa na wasu harsuna: shi zai mayar wa magana kunnen da rubutu ya cire mata.

Magabata sun san dabarar, kuma dabarar mai sauƙi ce. Suna sanar da mai karatu irin muryar kafin maganar ta fito. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara cikin Jihar Neja ta yau a 1911, ya gina Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, a bakin aku mai ba da labari, wato littafin tun daga tushensa na ji ne kafin ya zama na gani. Wanda ya yi firamare aka sa shi ya miƙe ya karanta shi da ƙarfi a aji zai tuna cewa ba ya tuntuɓe. Dalili kuwa, ana nuna masa abin da mutum ya yi, ko ya fusata, ko ya faɗi ya yi gaisuwa, ko ya kada baki, sannan a ce "ya ce", sannan maganar ta biyo. Haka ake tatsuniya, haka ake ba da labari a dandali, haka maƙwabciyarka za ta ba ka labarin faɗan da aka yi a gidan biki.

Yanzu dubi yadda yaranmu ke rubutawa: "Fita daga ɗakin nan," ta faɗa cikin ƙasa-ƙasa da murya don kada yara su ji. Wannan ginin Ingilishi ne sanye da rigar Hausa. Bahaushiyar jimla cewa za ta yi: Ta dubi inda yara ke kwance, ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Fita daga ɗakin nan." Wani zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda zai gaya maka haka shi ne mai karanta littafi a rediyo. Ɗimbin masu son labaran Hausa ba da ido suke karanta su ba, da kunne suke sha, a shirye-shirye irin su Rai Dangin Goro, ko a YouTube, ko a bakin ƙanwar da ta iya karatu tana karanta wa matan gida. Ita kanta Hikayata, tun da aka fara ta a 2016, ana karanta zaɓaɓɓun labaranta a iska. To mai karatu ya riga ya daka tsawar "Fita daga ɗakin nan!" kafin ya iso inda marubuciya ta gaya masa cewa raɗa ce. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na san muna da "in ji shi" da ke zuwa bayan magana, amma aikinta nuna mai magana ne, kamar yadda 'yan jarida ke yi. Ba ta ɗaukar murya.

Wuri na biyu da muka yi sakaci, kuma wanda ya fi ba ni takaici, shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan: dai, fa, kam, kuwa, ma, mana, ai, ashe, wai. Paul Newman ya ware wa wasunsu babi guda a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, amma kowace uwa a Unguwar Magajiya ta fi littafin iya aiki da su. Ɗauki kalma ɗaya, "zo". In aka ce maka "Zo", umarni ne tsirara. "Zo mana" akwai ƙosawa a ciki, ko lallashi, gwargwadon wanda ya faɗa. "Zo dai" na nufin bar gardama, in ka iso ka gani. "Zo fa" kashedi ne, akwai abin da zai biyo baya in ba ka zo ba. "Ai sai ka zo" kuwa, wanda ya ji ta daga bakin matarsa ya san ba gayyata ba ce. Haka "na ji". Yaro ya ce "Na ji", an gama. Ya ce "Ai na ji", ya fara gajiya da faɗa. Ya ce "Na dai ji", bai yarda ba, ladabi ne ya hana shi musu. Ya ce "Ni kam na ji", ya zare kansa, sauran su san ta yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a ƙara mata "cikin ƙosawa" ko "cikin rashin gamsuwa". Muryar tana cikin jimlar, kuma duk Bahaushen da ya karanta zai ji ta a kansa ko bai buɗe baki ba.

Ita "to" kuwa littafi guda ce. Akwai to ta amincewa, gajeriya. Akwai wadda ake ja, ta wanda aka ba labarin da ya girgiza shi. Akwai "to fa" ta ganin rigima na tafe, da "to, to" ta dattijon da ke so ka taƙaita, da "to shi ke nan" wadda sau da yawa ba shi ke nan ba ne. In ka ga shafi guda na hira babu dai, babu fa, babu ai, to ka bincika, marubucin da Ingilishi ya yi tunanin ya juye. Wannan ce alamar farko da nake gane fassara da ita, ko da ba a ce mini fassara ba ce.

Sai aikatau. Bahaushe yana ɗaukar magana kamar wani abu mai jiki, mai nauyi, wanda ake jifa da shi ko a shafa wa mutum. Ana daka tsawa kamar yadda ake daka a turmi. Ana jefa tambaya, ana watsa ta in ta zo da raini. Ana yaɓa wa mutum magana kamar laka, ta manne masa ya tafi da ita gida. Ana gasa masa ita in ana so ta ƙona shi a hankali. Ana ɓaro zance, wato a fito da abin da ya kamata ya zauna a rufe. Ana ƙwala kira, a kurma ihu, a rafka salati, a rangaɗa guɗa, a doka sallama, a sharara ƙarya. Dubi bambancin wanda ya yi sallama da wanda ya doka ta: na biyun ko mai bin bashi ne ko ɗan gida. Dariya ma haka. Wadda ta ƙyalƙyale ba ita ce wadda ta sheƙe ba. Ta farko farin ciki ne, ta biyun akwai mugunta ko shaƙiyanci a ciki. Wanda ya tuntsire ya kasa riƙe kansa ne. Wanda ya yi yaƙe kuwa haƙora kaɗai ya buɗe, zuciyar tana wani wuri. Duk wannan dukiya tana nan, amma sai ka ga an rubuta "ta yi dariya cikin mugunta", kalma biyar a inda biyu suka isa.

Inda na fi ganin an yi asara shi ne wajen kalmomin da suke kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Matasa da yawa sun haɗe su sun zama tuwo ɗaya. Gatse daban, baƙar magana daban, habaici daban, zambo daban. Uwa ta ga yaro na wasa da kofin gilashi ta ce, "Yawwa, ci gaba, fasa shi." Wannan gatse ne: bakin ya faɗi abu, nufin akasinsa ne, kuma yaron da bai gane ba ya sha duka biyu. Ka tarar da mutum yana wanki ka ce wanki ake yi, ya ce maka a'a, noma yake. Wannan baƙar magana ce. Habaici ba ya kama suna. Kishiya za ta yi shi tana shara, tana magana da kaza, wadda aka yi dominta kuma ta ji a jikinta, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zambo na maroƙa da mawaƙa ne, a siffanta mutum yadda kowa zai gane shi a yi masa dariya. Ga shaguɓe, ga gugar zana, ga hannunka-mai-sanda, kowanne da zurfin da yake shiga. Marubucin da ya kira duk waɗannan "cikin izgili" ya zubar da rabin rikicin gidan da yake ba mu labari.

Haka ɓangaren ƙorafi. Gunaguni ana yin sa ne a ji cewa ba ka ji daɗi ba, ko da ba a tsinci kalmomin ba. Ƙunƙuni ya fi shi ɓuya, na yaro ne ko na wanda ba shi da ikon ɗaga murya. Mita kuwa ba ta da ƙarfi, tsawo gare ta, abu ɗaya a yi ta nanatawa har kwana uku. A ɓangaren ɗaga murya, ihu na iya zama na tsoro ko na murna, kururuwa ta neman agaji ce, kwarmato na tona asiri ne a tara wa mutum jama'a, kwakwazo kuwa yawan hayaniya ne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Raɗa a kunne ake yin ta. Ƙus-ƙus na mutum biyu ne da ba sa so na uku ya ji, kuma da ka ji kalmar ka san akwai munafunci a kusa. Magana ciki-ciki ta wanda ba ya so ya amsa ce, dole ta sa shi.

Har shiru ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya yi gum ya ƙi magana ne da gangan. Waɗanda suka yi jugum baƙin ciki ne ya rufe su. Wuri ya yi tsit in babba ya shigo ko an faɗi abin da ba a zata ba. Murya ta ɗauke ɗif in kuka ya ci ƙarfinta. Wanda bai ce uffan ba, da wanda ya ja bakinsa ya tsuke, da wadda ta ja tsaki ta juya, da dattijon da ya yi gyaran murya a zaure, duk sun yi magana. Malaman nahawu suna kiran irin su tsit da gum da ɗif amsa-kama, kuma ban san abin da ya kai su saurin sa mai karatu ya ji abu a kunnensa ba.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi, wanda ke ba ni sha'awa. Bahaushe da harshe da fata yake auna murya. Tana da zaƙi, tana da gardi, magana tana da ɗaci ko zafi. Murya tana da kauri, tana da taushi ko kaushi, shi ya sa 'yan jarida ke cewa an yi suka da kakkausar murya. Baki yana da nauyi, yana da tsami, harshe yana da kaifi. Murya tana dushewa kamar wuta, tana shaƙewa, tana rawa. Ke nan "sanyin murya" ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce. Laifinta ɗaya, an aike ta ko'ina har ta gaji, 'yan'uwanta na zaune ba aiki.

Amma kada a ɗauka maganar ta tattara kalmomi ce kawai. A ƙasar Hausa murya tana bin dangantaka. Je ka fadar Suleja ranar da Sarki ya zauna. Mai sarauta ba ya ɗaga murya, amawali ma ya rufe bakin. Fadawa ne ke amsa gaisuwa da ƙarfi a madadinsa, maroƙa na kirari, kakaki na yi daga waje. Wanda ya fi kowa iko shi ya fi kowa ƙasa da murya. Marubucin da ya sa basarake yana ta ihu don a san yana da iko bai taɓa zama a fada ba. A cikin gida ma haka abin yake. Matar da ba ta kama sunan mijinta, uwar da ke kauce wa sunan ɗanta na fari, suruki da ke magana kansa a ƙasa, jika da ke tsokanar kakarsa yana kiranta matarsa, taubasai da ke yi wa juna ba'a ba mai fushi: kowannensu sunan da ya kira da wanda ya ƙi kira ya riga ya gaya mana muryarsa. In yarinya ta ce "Ranka ya daɗe" ko "Yaya" ko "Malam", ba sai an ƙara "cikin ladabi" ba. In kuwa matar da kullum ke cewa "Baban Ummi" ta wayi gari ta kira shi da sunansa na yanka, to mai karatu ya san gidan ya kama da wuta, ko ba a gaya masa ba.

Mu a Suleja ba mu da uzuri, don garin nan makarantar kunne ce. Asalinsa na Zage-zagi ne da suka baro Zariya tare da Sarki Muhammadu Makau a farkon ƙarni na 19, bayan masu jihadi sun ci birnin. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828 a ƙasar da Gbagyi da Koro suke zaune, aka kira shi Abuja, har zuwa lokacin da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sunan ya koma can, garin ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, aka fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1952. Sun adana mana sarautu da yaƙe-yaƙe. Muryoyin garin kuwa suna nan a titi suna jiran mai ɗauka. Fito da asuba ka ji kwandastoci na kiran Zuba da Wuse ga ma'aikatan da ke kwana a nan su yini a Abuja. Shiga kasuwar IBB ka ji Hausar ɗan kasuwa Ibo, mai sauri, mai yanke gaisuwa ta tafi kan ciniki. Ka ji ta Bayarabiya mai atamfa, da ta Banufe, da ta matar Gbagyi da ta sauke doya daga kafaɗa. Ka ji Basakkwace mai shayi yana cewa "shina zuwa" inda Bakano zai ce "yana zuwa". Duk Hausa ce, kuma babu biyu da suke hawa da sauka iri ɗaya.

A nan ne kuma ake zamewa. Kalmar "gwaranci" kanta, da muke kiran karyayyar Hausa da ita, daga sunan da muke kiran maƙwabtanmu Gbagyi da shi ta fito, kuma ba yabo ba ne. An daɗe ana sa wanda ba Bahaushe ba a labari ko a fim don a yi dariyar bakinsa kawai. Kwaikwayon murya tsohuwar sana'a ce a wurinmu. 'Yan kama sun yi ta, yara na yi a tashe, kowace kaka ta san yadda za ta lanƙwasa harshe ta yi tsamin bakin Gizo. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi shekara da shekaru yana Samanja da Hausar barikin soja, aka yi ta dariya, amma Samanja mutum ne cikakke mai hankali da zuciya, ba bakinsa kaɗai aka ba mu ba. Wannan shi ne ma'auni. In za ka sa matar Gbagyi a labarinka, alama ɗaya ko biyu ta isa mai karatu ya ji harshenta. Sauran ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta, don ita ma tana da gatse da habaicinta, kuma wataƙila ta fi ka iya ciniki.

Na san abin da wasu za su ce. Masu koyar da rubutu a Amurka da Ingila suna gargaɗin a tsaya kan "ya ce" kawai. Marubucin nan Elmore Leonard ya sa wannan cikin ƙa'idojinsa goma da ya wallafa a 2001, har ya hana a raɓa mata bayanau. Rabin shawarar ta yi mana daidai, don "ya ce" ita ce ƙashin bayan labarin Hausa, kuma ba ta gundura. Sauran rabin ba namu ba ne. Mu ba ma cire "ce" mu sa wata a gurbinta. Muna jera aiki a gabanta ne, ya daka tsawa ya ce, ta yi murmushi ta ce, kuma harshen ya saba da wannan tun kafin a kawo mana boko. Wasu kuma za su ce marubutan yau kullum sai sun saki sabon shafi, masu karatu na jira a waya, ina lokacin tace kalma? Gaskiya ne, kuma ba na raina wahalarsu. Ban manta kuma cewa marubutan shekarun 1980 da 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa, su ne suka shigo da maganar cikin gida, ta mata, da kissarta da habaicinta, cikin littafi, a lokacin da ake yi musu kallon 'yan adabin kasuwa. Waɗanda suka gaje su ne nake jin tsoron suna koyo daga littafin juna maimakon daga bakin mutane, kowa na kwafar "wata irin murya" daga na gabansa.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen ma. Wanda ya karanta wannan sharhi ya je ya cika kowane layi da rafka da rangaɗa da ƙwala, ya zama kamar miyar da gishiri ya yi wa yawa. Yawancin maganar mutane "ya ce" ce kawai. Tsawa tana da ƙarfi ne in ta zo sau ɗaya a babi.

Yaya za a gane an dace? Garin nan na tukwane ne. A nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga a 1954. Duk matar da ta je sayen tukunya ba ta tsayawa kan zanen jikinta. Ƙwanƙwasawa take yi ta kasa kunne, don tsagar da ido bai gani ba amo ne ke tona ta. Hirar cikin labari ma da ƙarfi ake gwada ta. Abin da na sa 'yar maƙwabtan nan ta yi ke nan da ta dawo daga kiran Umma. Na ce ta karanta mini maganar uwar mijin da bakin da kakarta za ta faɗe ta. Tana farawa ta tsaya, ta ce, "Baba, ai Hajiya ba za ta ce haka ba." Ta soke layin da kanta, ta rubuta, "To, sannu da ƙoƙari, 'yar masu gida." Ba ta ƙara masa "cikin" komai ba, kuma ni da ke zaune sai da na ji zafinsa.

Saura aikin malamai. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin sauti da na magana da yawancinmu ba mu taɓa ji ba, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Sai dai ƙamus bisa jerin haruffa yake tafiya, yana taimakon wanda ya riga ya san kalma yana neman ma'anarta. Marubuci akasin haka yake: ma'anar tana kansa, kalmar yake nema. Abin da zai amfane shi ɗan littafi ne mai arha da aka tsara bisa ma'ana, babin faɗa, babin lallashi, babin kuka, babin dariya, babin shiru, kowace kalma da misalinta da wanda ya dace ya faɗe ta ga wa, da bambancin Kananci da Sakkwatanci da Zazzaganci inda akwai. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da ɗaliban da za su iya tattara wannan daga bakin tsofaffi, kuma reshen Jihar Neja na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya zai iya ɗaukar nauyin na yankinmu, tun tsofaffin na raye.

Ku kuma masu shirin aika labari gasa, 'ya'yana da ƙannena, kafin ku aika ku samu wata tsohuwa a gidanku ku karanta mata da ƙarfi, ku tsallake duk inda kuka rubuta "cikin kaza". Duk wurin da ta tsayar da ku ta ce, "Wa ya faɗi wannan?", ku sa alama, ku koma ku sake shi.